Mintin Farko a Bikin Mutane

'Yan uwana, ku yi min uzuri in kun ga maganata tana karkacewa. Daga ka nake zubo muku ita, labarin Talatar nan da ta wuce ne. Ga wanda yau ya fara tsintar mu: sunana Atika, a Tudun Wadar Zariya nake. Mijina Jamaluddeen, mai ɗaukar bidiyon biki, ya rasu wata biyar da suka wuce. Zazzaɓin kwana huɗu ne. Ya bar ni da 'ya ɗaya, Fiddausi, shekararta uku.

Ranar Litinin aka raba gado. Ban ɗaga kai ba da aka ambaci kujeru, ban ɗaga ba da aka ambaci babur. Sai da malam ya ce kyamara da tsohuwar kwamfutar da ke ƙuryar ɗakinmu sun faɗa rabon Yaya Isiyaku, wan marigayi.

"Gobe bayan La'asar zan zo da keke napep in kwashe," in ji shi. "Na riga na yi magana da wani a Kano. Zai goge ta tas ya sa a shagonsa."

Kalmar gogewar nan ita ta tsaya min a rai.

Bari in faɗa muku abin da ba wanda ya sani sai ni. Abban Fiddausi ba ya fita aiki sai ya gwada kyamararsa a gida. Zai kunna, ya ce "gwaji, gwaji", ya juyo ta kaina ina wanke-wanke, ko kan yarinyar tana wasa da murfin tukunya. Minti ɗaya, minti biyu, sai ya rataya jaka ya tafi. In zai ba masu biki nasu, sai ya yanke wannan farkon. Amma na asali yana nan cikin kwamfuta. Duk zaman da muka yi yana maƙale a farkon bidiyon bikin mutane. Wayarsa kuwa an zare ta ranar jana'iza cikin turmutsutsu, tawa a lokacin ƙarama ce mai madannai. Mutumin da ya ɗauki rabin Zariya a hoto, ni matarsa ba ni da komai nasa sai fasfo ɗaya na katin zaɓe.

Na ce a hankali, "Yaya, akwai mu a ciki."

"Ku su wa? Kiɗa ne da rawa da mata ba mayafi. Gara a goge, a rage wa bawan Allah nauyi a kabarinsa."

Ya kaɗe rigarsa ya fita. Ba a maimaita wa Yaya Isiyaku magana. Ko marigayi bai iya ba.

Da safiyar Talata Innata tana ɗaure min kwanuka a buhu, don ranar Juma'a zan koma gida. Ta ga ina juya waya a hannu.

"In Kailanin ne, ki amsa masa ki huta. Sati uku yaron nan yana gaishe ki kamar yana gaishe da bango."

Malam Kailani ma'aikacin masu ja wa unguwa wayar intanet ne, wadda suke kira faiba. Su suka haƙa rami a ƙofar gidanmu bara. Yana da shago a bayan kasuwa inda ake shiga intanet. Da na fita takaba ya aiko gwaggonsa wurin Inna, tun daga ranar Inna ba ta da zance sai nasa: yana da sana'a, ba ya shan sigari, ya ce zai riƙe marainiya. Ni kuwa in saƙonsa ya shigo sai in kife wayar, kamar wani zai leƙo daga kabari ya gani.

Na ce, "Inna, kwamfutar zan kai masa ya cire min hotunanmu."

Ta saki igiyar buhun. "Innalillahi. Ke da kika ƙi amsa masa sallama, yau za ki kai masa mijinki a jaka? In Isiyaku ya ji kin fita da kayan gado fa?"

"Minti goma ne. Ba ke kika ce ya faɗa miki haske ne ke gudu a cikin wayarsu ba? Kafin a ƙifta ido an gama."

Da wannan zaton na fita, 'yan uwa. Na ɗauka in dai akwai faiba a shago, duk abin da aka kawo sai ya yi gudunta.

Na rubuta masa: "Assalamu alaikum Malam Kailani. Atika ce. Ina da buƙata."

Ban ajiye wayar ba amsa ta shigo: "Wa alaikumus salam. Ai na san ke ce, lambar nan na haddace ta kamar Fatiha. Faɗi."

"Aiki ne na kwamfuta. Na marigayi."

Wannan karon ya ɗan jima. Sannan: "Allah Ya jiƙansa. Ki kawo, ina shago."

Na sa atamfata mai ruwan ƙasa da dogon hijabi baƙi. Ko kwalli ban sa ba, kada ya ɗauka don shi na fito. Na naɗe kwamfutar da zanin gado, na cusa a jakar bakko, na bar Fiddausi wurin Inna. A cikin keke na rungume jakar a cinya, duk wanda ya kalle ni sai in ga kamar ɗan aiken Yaya ne.

Ƙarfe tara da rabi na isa. Ya miƙe tsaye, yana sanye da riga mai ɗauke da tambarin aikinsu, ya karɓi jakar da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Maman Fiddausi. Wannan kuma injin niƙa ne?"

Ya jona ta, ta yi nishi ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Sai ya kwance bayanta, ya ciro wani ƙarfe mai nauyi kamar ƙaramin littafi, da wata igiya mai faɗi ruwan toka maƙale a jikinsa, kamar ɗamarar yara.

"Wannan shi ne faifan, duk abin da kike nema yana cikinsa. Amma kin ga igiyar nan? Rabona da ganin irinta tun ina koyon aiki."

"Ka sa ta a faibarku mana."

Ya yi murmushi, ya jawo wani zare daga bango, siriri, ya bare bakinsa ya nuna min. Wallahi gashin kaina ya fi shi kauri.

"Kina sayen data ai, kin san em-bi, kin san giga. Wannan zaren nawa yana kwasar em-bi ɗari da ashirin a daƙiƙa guda. Shi ma ƙarami ne, wanda ke bin titin Kano ya ninka shi ban san sau nawa ba. Tsohon nan kuwa, in na jona shi ta mahaɗin da nake da shi, in ya yi ƙoƙari ya ba ni talatin. Kuma giga ɗari biyar ne a cikinsa."

"Ban gane ba."

"Tirela ce a tsaye a bakin titi, direba ya ƙosa. Amma kayan suna can ƙarshen lungunku, tsoho ɗaya ne ke fito da su a baro. Gudun tirela zai amfane ki?"

Na faɗa masa bayan La'asar Yaya Isiyaku zai zo ɗaukar kwamfutar. "Awa nawa?"

"Da zaren ne kaɗai, awa ɗaya da 'yan mintuna. Da tsohon nan, kusan biyar. Kafin uku in sha Allahu."

Uku. La'asar ƙarfe huɗu. Na zauna a kan benci na riƙe carbi, ina kallon wani koren layi a fuskar kwamfutarsa yana jan ciki kamar hawainiya. Bai yi min zancen aure ba. Ya sa min ruwan sanyi a gefe, ya juya yana sallamar masu buga takardu.

Wajen sha ɗaya da rabi na ji ƙarar. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Kamar ɓera yana gurgurar katako.

Malam Kailani ya bar wanda yake yi wa aiki ya taho da sauri. Ya kara kunnensa a jikin faifan, fuskarsa ta canza.

"Mene ne?"

"Talatin ɗin ta koma biyu."

A ƙasan koren layin, inda aka rubuta awa uku, na ga ya koma awa ashirin, ya koma kwana biyu, ya koma kwana uku.

"Maman Fiddausi, ba zan ɓoye miki ba. Faifan nan yana kan gargara. Ko Yayanku ya ba mu kwana ukun, shi ba zai kai ba. Ki nuna min inda ya ajiye hotunan gida, in tsame su kawai."

"Babu inda ya ajiye."

"Kamar yaya?"

Sai kuka ya ƙwace min, a gaban mutumin da ko murmushi ban taɓa yi masa ba. Cikin kukan na faɗa masa zancen gwajin. Na ce ni ba ruwana da amaren mutane da kamu da yinin biki, farkon kawai nake so, minti ɗaya, minti biyu.

Ya tsaya yana kallona. "Farkon kawai?"

"Farkon kawai."

Ya buga tafin hannunsa a goshi. "Kai, Kailani, an yi jaki! Awa ɗaya da rabi ina sa tsoho yana jidar bikin wani Alhaji har da jawabin waliyyi. Ana iya gutsuro bakin kowanne a bar sauran. Amma bukukuwa sun fi ɗari biyu a nan, kuma kowanne sai ya sha wuya kafin ya nemo shi. Sai kin zaɓa."

Ya juyo da fanka saitin faifan, ya fara karanto min sunayen da marigayi ya sa musu. Ni ba kwanan wata nake riƙewa ba. Da abincin da yake kawo min daga biki nake tunawa.

"Auren gidan Nagoda, Dutsen Abba."

"Ɗauko. Waina ya kawo ranar, ina da cikin wata takwas."

"Walimar Kwangila."

"Bar shi, faɗa muka yi da safen."

Ya ɗago kai. "Har faɗan ba kya so?"

Na sake tunani. Na ce, "Ɗauko."

"Sarah da Kenneth, ɗaurin aure a coci."

Wannan shi ne. Maƙwabtanmu ne, gidan wata nas, har da kek suka aiko mana. Da safen ranar Fiddausi ta fara tafiya. Yana cikin gwaji ta saki ƙafar gado ta taho, sai ya ɗora kyamarar a kan akwati, ya zagayo gaba ya durƙusa ya buɗe mata hannu. A nan ne kaɗai fuskarsa ta fito. Duk sauran murya ce daga bayan kyamara.

"Wannan za ka fara ɗaukowa."

Ya danna. Faifan ya yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, har da wani siririn kuka. Ya yi maza ya tsayar.

"Daidai wurin ciwon yake zaune. In na matsa masa yanzu, zai iya mutuwa da duka. Mu kwashe masu sauƙi, mu bar wannan ƙarshe."

Da me zan yi gardama? Na gyaɗa kai.

Da aka samu guda biyar ya ce bari ya buɗe ɗaya mu tabbatar suna yi. Sai ga tsakar ɗakina. Ga ni a durƙushe gaban risho, ɗaurin ƙirji, kaina ba ɗankwali, kitsona ya tsufa. Sai muryar ta cika shagon.

"Gwaji, gwaji. Atika, juyo mana. Juyo ki yi wa kyamara fari."

Malam Kailani ya kau da kai kamar an watsa masa barkono. Ya juyo da fuskar kwamfutar saitina, ya miƙe.

"An kira Azahar. Kada ki taɓa igiyar nan, ko ƙuda ya sauka a kai ki bar shi."

Ya fita. Daga waje saƙonsa ya shigo: "Ban gani ba. Abin da na ji kuma amana ne."

Ban gama karantawa ba kiran Inna ya shigo a kai.

"Atika, kin kashe ni. Isiyaku ya zo yanzu, wai mai keken ba zai samu zuwa da yamma ba. Ya ga ƙurya wayam."

"Me kika ce masa?"

"Ni ban ce komai ba, 'yarki ce ta ce Umma ta kai kwamfutar Abba wurin mai waya. Ga shi nan tafe."

Na dubi ƙofa, na dubi igiyar. Ba halin gudu, ba halin ɓoyewa, abin da ko motsa shi aka ce kada in yi. Na yi sallata a nan gefen benci, ban san me na karanta ba. Malam Kailani ya dawo, na faɗa masa. Ya zauna ya ci gaba da gutsuro su. Guda goma suka fito. Sha ɗaya. Sha uku.

"Saura na cocin," in ji shi. "Bismillah."

Yana dannawa inuwa ta rufe ƙofar shagon.

"To, madalla." Yaya Isiyaku ne, hularsa a karkace, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. "Ƙasar kabarin ƙanena ba ta gama kwanciya ba, kin kwaso kayan gado kin kawo shagon saurayi. Har an farke mata ciki ma!"

"Ranka ya daɗe, ka zauna ka sha ruwa," in ji Malam Kailani. "Ba abin da zai ɓata, zan mayar da komai yadda yake."

"Da kai nake magana? Ke, tattara min kayana. Kuma ki ji da kyau, macen da ke iya wannan ba za ta riƙe mana 'ya ba. Fiddausi gidana za ta dawo."

Ya nufi teburin, hannunsa a miƙe wajen igiyar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da ko idonsa ban taɓa kallo ba shekara shida, sai ga ni tsaye tsakaninsa da teburin, na ware hannuwa cikin hijabi kamar kaza a kan ƙwai.

"Yaya, ka dake ni in za ka dake ni. Amma kada ka taɓa."

"Matsa!"

"Malam Kailani, kunna masa na Dutsen Abba. Rufe hoton, muryar kawai."

Sai ga ta, da dariyar nan tasa a ciki.

"Gwaji, gwaji. Atika, in Yaya ya zo aron babur ki ba shi makulli. Amma ki ce masa don girman Allah ya zuba mai, kada ya dawo min da shi a bushe irin na kullum. Ke, kada ki faɗa masa haka fa, tsoronsa nake ji!"

Hannun Yaya Isiyaku ya sauka a hankali. Ya dubi lasifikar kamar mai jiran wani ya fito daga cikinta. Ya ja da baya har ƙafarsa ta bugi benci, ya zauna, ya cire hula ya riƙe a cinya.

"Ɗan banza," ya ce. "Sau ɗaya ne fa na manta."

Ƙas. Ƙas. Can ya goge fuska da hular.

"Saura minti nawa?"

"Kwamfuta ta ce huɗu, ranka ya daɗe. Amma ba ta da alƙawari."

Mu uku muka zuba wa koren layin ido. Ya wuce rabi. Ya tsaya. Ya ɗan motsa. Huɗu ta koma tara, ta koma sha biyu. Ina ta Hasbunallahu, na ji Yaya ma yana yi a bayana. Faifan ya yi wani dogon kuka siriri, ya yi ƙas sau ɗaya.

Shiru. Sai ƙarar fanka.

Malam Kailani ya ɗora yatsa a kansa, ya kara kunne, ya cire ya sake jonawa har sau uku. Sannan ya janye hannunsa.

"Ya tafi."

"Na cocin fa?"

"Wani abu ya fito, ya fi rabi. Zai iya buɗewa ki ga komai. Zai iya tsayawa kafin ya zagayo gaban kyamarar. Zai iya ƙin buɗewa sam. Ba zan sani ba sai an kunna. In kunna?"

"A'a!" Da ƙarfi na faɗa, har mai buga takarda a waje ya leƙo.

Sai ya haɗa wayata da intanet ɗin shagon ya tura min duka sha huɗun. Abin da muka yi yini muna roƙo daga bakin tsohon nan, kafin in gyara zaman hijabina ya shigo. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, shi ke nan.

Yaya Isiyaku ya tattara ƙarafunansa a jakar bakko da kansa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki turo min na babur ɗin."

Bai sake zancen ɗaukar Fiddausi ba. Bai kuma ce ya janye ba.

Yau kwana uku ke nan. Na koma gidan Inna, tana ta yi min waƙar Kailani, wai namijin da ya yini yana ceto miki abokin kishinsa daga kabari ba a barinsa ya kwana a kasuwa. Shi kuwa saƙo ɗaya ya turo: "Kin buɗe?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba gaggawa. Na saba jiran mai tafiya a hankali."

Sha ukun na kalle su har na haddace. Na sha huɗun yana can ƙasa, baƙin murabba'i ba hoto a kansa. Muddin ban taɓa shi ba, Abban Fiddausi yana ciki a durƙushe, hannuwansa a buɗe. In na taɓa, ban san abin da zan tarar ba.

Ɗazu da hantsi ina shanya, Fiddausi ta ɗauki wayar a kan tabarma. Ta saba jin muryar yanzu, tana cewa a sa mata gwaji-gwaji. Na juyo na gan ta ta miƙe ƙafa, ta wuce na farko, ta wuce na biyu, tana ja da ɗan yatsanta har ƙasa.

"Umma, wannan baƙin fa? Abba yana ciki?"

Jiƙaƙƙen zani yana hannuna, tsakanina da ita taku biyar. Kafin in buɗe baki, ta danna.